Madubin Sadarwa da Duwatsun Kazaure

Ranar da na je gaisuwar rasuwa wani ƙauye a ƙasar Roni, sai da na hau tudu kafin na iya sanar da iyalina cewa na sauka lafiya. Dutse ne ya shiga tsakanina da turken sadarwa. Mai karatu, irin wannan matsala ƙaruwa za ta yi nan gaba, domin igiyoyin da ake tanada wa wayar gobe sun fi na yau ɗaukar kaya, amma sun fi su raki.

Igiyar 5G da hukumar NCC ta yi gwanjonta a watan Disamban 2021 tana kan gigahaz 3.5 ne, tsawon zangonta ya kusa santimita 9. Ta gigahaz 28 kuwa, da kaɗan zangonta ya wuce santimita 1, don haka katanga ko bishiyar darbejiya, kai har jikin ɗan'adam, na iya tare ta.

Dabarar da masana suka ɓullo da ita wani faifai ne da ake kafewa a jikin gini, ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi. Kwamfuta ke saita kowace ƙwaya, ta yadda igiyar da ta bugi faifan za ta karkata zuwa inda ake so, ta zagaye shingen. Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba. A 2021 cibiyar ETSI ta Turai ta kafa kwamiti na musamman a kansa.

A matsayina na ɗalibin harshe, na raɗa masa suna madubin sadarwa, domin sunan ya faɗi amfaninsa, ya kuma tona iyakarsa. Madubi ba ya ƙirƙirar haske, juya shi kawai yake yi. Ƙauyen Gwiwa ko na Babura da ba shi da turke a kusa, ko yana da shi amma babu wuta, me madubi zai haska masa?

To, duk da haka, ina ganin ƙasar duwatsu irin ta Kazaure da Roni ta cancanci a gwada shi a cikinta. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ɗalibanta na iya fara auna lungunan da dutse ke tare magana, su kuma binciki abin da ƙurar hunturu za ta yi wa faifan da aka ƙera don iskar Turai.