Daga filin Miga zuwa jami'ar Amurka: abin da koci ke dubawa kafin ya ba ka tallafin karatu

Idan kana cikin guruf ɗin WhatsApp na 'yan wasan unguwarku, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin saƙon nan ba: ana neman matasa 'yan wasa, karatu kyauta a Amurka, a turo kuɗin fom. Ga hoton fili kore shar, ga lambar waya a ƙasa. Kai kuma kana Miga, kullum da la'asar kana tayar da ƙura a filin firamare, kowa na cewa gudunka sai barewa. Nan take zuciya ta fara raya maka cewa buhun shinkafa ɗaya ai ya isa kuɗin fom ɗin.

Dakata tukuna, ɗan'uwa. Ke ma 'yar'uwa, matso kusa. Tallafin karatu na wasanni gaskiya ne, kuma 'yan Najeriya sun daɗe suna cin moriyarsa. Sai dai ba a sayar da shi a WhatsApp, kuma hazaƙa kaɗai ba ta kai mutum can.

Wa ke bayarwa?

Babbar hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka ita ce NCAA, mai makarantu sama da 1,000 a rukuni uku. Rukuni na ɗaya da na biyu ne ke ba da tallafin wasanni, na uku ba ya bayarwa. Akwai kuma NAIA, da NJCAA ta kwalejojin shekara biyu. A ko'ina kocin makarantar ne ke zaɓen wanda yake so, kuma sau da yawa wani kaso na kuɗin karatu ake ɗauke wa ɗalibi, ba duka ba. A ƙididdigar NCAA, kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal na 'yan wasan sakandaren Amurka ke samu. Ka ga ke nan ko a can ba banza ba ce.

'Yan mata suna da rabo babba. Wata doka ta 1972 da ake kira Title IX ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. Ita ce ta bunƙasa wasanni irin su sofbol, wasan bugun ƙwallo da sanda da 'yan mata ke yi, wanda zai dawo gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: sofbol bai samu gindin zama a yankinmu ba, kuma koci ba zai ɗauki wadda bai ga wasanta a wata gasa ba. Kafin sauyin dokar 2025 ma, gurbin tallafi 12 ne ake rarraba wa ƙungiya guda a rukuni na ɗaya. Don haka mai wayo sai ta nemi wasan da ake iya aunawa daga nesa, kamar tsere da tsalle. Agogo ba ya son kai, bai san 'yar birni ko 'yar ƙauye ba.

Waɗanda suka bi hanyar

Masai Ujiri a Zariya ya tashi, can ya fara ƙwallon kwando. Da ya je Amurka, ba babbar jami'a ya fara shiga ba, ƙaramar kwalejin Bismarck ce a jihar North Dakota. Bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin a 2019. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, mai shirya wa matasa sansanin horo.

Tobi Amusan daga Ijebu Ode ta fito. Sai da ta ci zinare a gudun tsallake shinge na mita 100 a gasar Afirka ta 2015 a Brazzaville, sannan ta tafi Jami'ar Texas da ke El Paso a 2016. A 2022 ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12. Lura da jerin: gasar da aka rubuta sakamakonta ce ta zo da farko, tallafi ya biyo baya.

Idan batun addini ke damunka, Hakeem Olajuwon, wanda ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980, ya shahara da buga wasa da azumi a bakinsa. Bilqis Abdul-Qaadir ta buga wa Jami'ar Memphis ƙwallon kwando sanye da hijabi, kuma a 2017 hukumar FIBA ta ɗage haramcin rufe kai.

Takarda kafin takalmi

Nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Kafin ka buga wa makarantar rukuni na ɗaya ko na biyu wasa, sai ka yi rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA a intanet. Za su nemi sakamakon karatunka daga aji uku na ƙaramar sakandare har ƙarshe, da na WAEC ko NECO. Darussan da suke dubawa su ne Turanci, lissafi, kimiyya da na zamantakewa. Rukuni na ɗaya yana neman maki 2.3 cikin 4, na biyu 2.2. Ɗan wasan da ke gudun aji don atisaye, da hannunsa yake rufe wa kansa ƙofa.

Shekaru ma abin lura ne. A yawancin wasanni shekara ɗaya ake ɗaga maka bayan gama sakandare. In ka wuce haka kana shiga gasa, za a iya zaftare maka shekarun wasa. Sa hannu a kwantiragin ƙwararru ma yana iya ɓata maka lissafi. Kada kuma wani ya ba ka shawarar rage shekaru. Ranar da aka ga takardar haihuwa, NIN, WAEC da fasfo sun saɓa wa juna, magana ta ƙare.

Mu mutanen bakin kogin Haɗeja muna da ƙarin matsala. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Miga, Auyo ko Kafin Hausa ya san ruwa ba ya tambayar wace takarda ce mai muhimmanci. Ɗauki hoton kowace takarda, ka tura wa kanka ta imel, asalin kuma ka naɗe a leda ka ajiye a sama.

Yadda koci zai san da kai

Babu kocin da zai taso daga Texas zuwa Miga. Kai ne za ka kai kanka inda ake rubuta sakamako: gasar makarantu ta ƙaramar hukuma, zaɓen 'yan wasan jiha a Dutse, gasar matasa ta ƙasa, ko gasar Milo ta ƙwallon kwandon sakandare. Malamin wasannin makarantarku shi ne tsaninka na farko, riƙe shi da kyau.

Sai bidiyo. Wayar da kake kallon TikTok da ita ta isa. Minti uku zuwa biyar, a kwantar da wayar, ba kiɗa, ba ado, a ga tseren daga farko har ƙarshe. Adireshin imel na kociyoyi yana shafin wasanni na kowace jami'a. Rubuta gajeren saƙo da Turanci mai sauƙi: sunanka, shekarar gama sakandare, tsayinka, lokacinka mafi kyau da gasar da ka yi shi, makinka, da bidiyon. Tura wa makarantu da yawa, har da ƙanana. Shiru ba ƙarshen zance ba ne, in ka samu sabon sakamako ka sake turawa.

Gyara shafukanka kuma. Tun 2025 Amurka ke buƙatar masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta don a duba, kuma an ƙara tsaurara dokokin biza ga 'yan Najeriya. Kafin ka kashe ko sisi, duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadancin, ko ka tuntuɓi EducationUSA a Abuja, waɗanda aikinsu ke nan.

Gane ɗan damfara ba wuya. Koci na gaskiya da imel ɗin jami'a yake rubutu, mai ƙarewa da .edu, sunansa na shafin makarantar, kuma ba zai ce ka tura kuɗi asusun wani mutum ba. Duk wanda ya ce biza tabbas ce, ko ya ce yau ake rufewa, toshe shi.

In Amurka ba ta yiwu ba

Ba asara ka yi ba. Takardun da ka tara su ne za su shigar da kai Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, kuma jami'o'in Najeriya na da gasarsu ta NUGA. Ko a Amurka, rauni ɗaya a gwiwa na iya tsayar da wasa, digiri ne ke rage wa mutum.

Aikin wannan makon uku ne: tattara takardunka ka duba ko ranar haihuwa ɗaya ce a dukkansu, sa malamin wasanni ya auna gudunka da agogo, sannan ka zauna da Baba da Inna ka yi musu bayani. Buhun shinkafar nan kuwa, bar shi a rumbu.