HADARIN GABAS DA GUGUWAR TEKU

Manoman Ikara da Maƙarfi da Kudan sun san hadarin da ke tasowa daga gabas. Sama ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura, sannan ruwa ya sauko. Bayan awa ɗaya ko biyu sai a ga hadarin ya yi yamma. To, ina yake zuwa? Masana yanayi sun bi sawunsa. Sun gano cewa manyan guguwoyin da ke kifar da jiragen ruwa a Tekun Atilantika, yawancinsu daga sararin Afirka ta Yamma suke farawa.

DAGA INA RUWAN DAMINA YAKE?

Daga Maƙarfi zuwa bakin teku akwai kimanin kilomita 700. Duk da wannan nisa, yawancin ruwan da ke shayar da masara da dawa da rake daga teku yake. Rana tana dukan ruwan teku, sai tururi ya tashi sama, kamar yadda yake tashi daga tukunya. Da bazara iska tana juyowa daga kudu maso yamma, ta ɗauko wannan laima ta kawo arewa. Da hunturu kuwa iskar daga Hamada take zuwa, shi ya sa ba ta da laima.

Can sama kuma akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Ita ce ke tura hadari. Wannan ne dalilin da ya sa laima take zuwa daga kudu, amma hadari yake tasowa daga gabas.

YADDA HADARI KE ZAMA GUGUWA

Da damina, duk bayan kwana uku zuwa biyar, tarin hadari yakan ratsa Afirka ta Yamma. Yakan bi ta Chadi da arewacin Nijeriya da Nijar da Mali, har ya fita teku ta Senegal. Yawancinsu a nan suke mutuwa. Amma idan ruwan teku ya yi ɗumi, wato ya kai digiri 26 ko fiye, sai hadarin ya sami abinci. Tururi ya yi ta tashi, iska ta fara juyawa kamar 'yar guguwar da ake gani a fili da rani. Bambancin shi ne, faɗin ta teku yakan kai ɗaruruwan kilomita.

Idan gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa ɗaya, sai a ce ta zama babbar guguwar teku. Wannan gudu ya yi daidai da na motar da ke sheƙa gudu a titin Zariya zuwa Kano. A tsakiyar guguwar akwai wani wuri da iska take kwance. Ana kiransa ido. Iskar da ke kewaye da idon ita ce ta fi ɓarna. Lokacin guguwa yana farawa daga watan Yuni zuwa Nuwamba. Ya fi tsanani a Agusta da Satumba, wato lokacin marka da ƙarshen damina a ƙasar Hausa.

ƁARNAR DA TAKE YI A BAKIN TEKU

A ranar 14 ga Agusta, 1992, wani tarin hadari ya bar gaɓar Afirka ta Yamma. Bayan kwana goma, a ranar 24 ga wata, ya afka wa jihar Florida ta Amurka. An sa wa wannan guguwa suna Andrew. Gudun iskarta ya wuce kilomita 250 a awa. Ta rushe gidaje fiye da 60,000.

Ba iska kaɗai ke kisa ba. Guguwa tana tura ruwan teku ya hau tudu. Ruwan gishiri ya shiga gidaje da rijiyoyi da gonaki. Gonar da gishiri ya shiga takan daɗe ba ta yi amfani ba.

Irin wannan babbar guguwa ba ta faɗa wa Legas ko Fatakwal. Dalili shi ne, tana ƙulluwa ne can yamma da Nijeriya, kuma yamma take nufa. Sai dai akan sami ambaliyar teku a Legas. Manyan igiyoyin ruwa sun daɗe suna cin gaɓar unguwar Victoria Island, har aka gina doguwar katanga ta duwatsu don tare su.

JIRAGEN RUWA

A tsakiyar teku babu wurin fakewa. Igiyar ruwa takan fi gidan sama tsawo. A ranar 1 ga Oktoba, 2015, wani jirgin kaya na Amurka mai suna El Faro ya shiga cikin guguwa kusa da tsibiran Bahamas. Ya nutse da ma'aikatansa 33.

Amma ba sai babbar guguwa ba. A daren 26 ga Satumba, 2002, jirgin fasinja na ƙasar Senegal mai suna Joola ya haɗu da iska da ruwan sama a tekun Gambiya. An ƙera shi don mutanen da ba su kai 600 ba, amma an ɗora masa kusan 2,000. Cikin 'yan mintoci ya kife. Mutane fiye da 1,800 suka rasu, 64 kaɗai suka tsira. Iska ce ta ture shi, amma lodin da ya wuce ƙima shi ya yawaita asarar rayuka.

ABIN DA YA KAMATA A KULA

Yanzu taurarin ɗan'adam suna ganin hadari tun yana nesa. Matuƙin jirgi yakan ji gargaɗi ta rediyo, sai ya canza hanya ko ya tsaya a tasha. Irin wannan aiki ne Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, take yi wa manoma. Kowace shekara tana faɗin lokacin da ake sa ran saukar damina da ɗaukewarta.

Saboda haka ya kamata jama'a su riƙa sauraron labarin yanayi a rediyo. Kafin damina a duba rufin kwano, a ƙara ƙusa inda ya saki. A dasa bishiyoyi don su rage ƙarfin iska, amma kada a fake a gindinsu idan ana tsawa. Masu zuwa cin rani kudu, ko masu ƙetare kogi, kada su shiga kwale-kwalen da aka cika fiye da ƙima. Idan hadari ya haɗo, a jira ya wuce. Rigakafi ya fi magani.