Kafin Ka Ɗaure Kayan Dawowa Gida: Ina Za Ka Ajiye Guminka?

A watan azumin da ya wuce wani tsohon ɗalibinmu ya bugo mana waya daga Italiya. Shekararsa 11 yana aikin gona da na masana'anta a can. Ya ce sanyi ya ishe shi, yana so ya dawo Bimbilla ya kama sarin doya yana kaiwa Ankara. Tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wane banki zan zuba kuɗina?" Muka yi masa alkawarin amsa a rubuce, domin da wuya ka shiga zangon Bimbilla ko Salaga ko Yendi ko Bawku ba ka sami gidan da ke da ɗa a Jamus ko Amurka ko Saudiyya ko Libiya ba, kuma yawancinsu da niyyar dawowa suka tafi.

Mun san dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari da banki. Iyayenmu sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, mutane suka sayar da dukiyarsu da araha suka kama hanya. Sun ga canjin kuɗi na 1979, inda mai tsabar kuɗi a gida ya miƙa sidi 10 aka ba shi 7, mai kuɗi da yawa ma 5, alhali na cikin banki ba a rage masa ba. A 1982 kuma aka janye takardar sidi 50, aka shiga binciken masu manyan asusu. Mu kanmu mun ga 2017 zuwa 2019, sa'ad da Babban Bankin Gana ya soke lasin UT Bank da Capital Bank, ya haɗe bankuna 5 suka zama Consolidated Bank, sa'an nan ya rufe ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance 347 a watan Mayu na 2019. Wato ƙarƙashin katifa ya taɓa cin mutane, banki ma ya taɓa ci. Saboda haka a yi zaɓi da ido buɗe.

Abu na farko, asusun ya zama da sunanka. Nan ne muka fi ganin kuka. Mutum ya shekara goma yana aiko kuɗi asusun yayansa ko kawunsa don a yi masa gini, ya dawo ya tarar da fili da bulo ɗari biyu, ga shi ba dama ya kai ɗan'uwa ƙara. Sau da yawa ba cuta aka yi niyya ba. Suna ne ya taso, rashin lafiya ta zo, kuɗi na kusa, hannu ya kai. Idan asusun naka ne, kai za ka riƙa cire na gini kana aikawa kashi-kashi, zumunci kuma ya tsira.

To, tun 1 ga Yuli 2022 bankunan ƙasar nan Ghana Card suke nema ga ɗan ƙasa kafin kowace hulɗa. Wanda ba shi da shi, ya sa wannan a gaba a zuwansa hutu na gaba, ya je ofishin NIA da fasfo ko takardar haihuwa. Kada a bari sai an dawo gaba ɗaya, domin mu 'yan zango mun san irin tambayoyin asali da akan yi mana a wurin rajista, abin yakan ɗauki kwanaki. Wanda ya karɓi takardar zama ɗan wata ƙasa kada ya ji tsoro, dokar ɗan ƙasa ta 2000 ta yarda da riƙe biyu. Sai a duba rubutun suna da kyau. Fasfo ya ce Abdullahi, kati ya ce Abdulai, takardar makaranta ta ce Abdul-Lahi, sai kuɗin da aka turo su maƙale. Laifin nan har da namu malamai, mu ne muka riƙa rubuta sunayen yara a rajistar aji ɗaya yadda kunnenmu ya ji.

Sai maganar irin kuɗin. Bisa dokar canjin kuɗin waje ta 2006, manyan bankuna suna buɗe asusun dala ko yuro ko fam iri biyu. Wanda suke kira FCA na kuɗin da aka turo daga waje ne, kuma mai shi yana iya mayar da su waje ba wahala. Wanda suke kira FEA na kuɗin wajen da aka samu a cikin Gana ne, fitar da su yana da ƙa'idoji. Mai shirin dawowa na farkon ya dace da shi, musamman idan ya bar iyali a can ko yana tunanin sayo mota. Ya faɗa wa ma'aikacin banki sunan asusun da bakinsa, kada a buɗe masa ɗayan.

Amma kada wani ya ce maka dala ba ta faɗuwa. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 take, kafin ƙarshen shekara ta haura 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba. Mai ajiyar sidi ya yi asara. A 2025 sai reshe ya juye da mujiya: dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa ƙasa da 11 cikin 'yan watanni, mai riƙe da dala ya ga ƙarfinta ya ragu a kasuwar siminti. Ƙa'ida ma takan canja. A Fabrairun 2014 Babban Banki ya ƙuntata cire kuɗin waje daga irin waɗannan asusu, ya sassauta a cikin shekarar. Ra'ayinmu shi ne a raba biyu: jarin doya da kuɗin cefane na shekara a sidi, sauran a bar shi a kuɗin da aka samo shi.

Kuskuren da masu dawowa suka fi yi shi ne zaɓen banki a Ankara saboda kyan gini da na'urar sanyi. Ranar da katinka ya lalace ko aka ce ka zo ka sa hannu, sai ka tuna nisan Tamale daga Bimbilla, ta Yendi, ga kuɗin mota ga yini guda. Tambayi kanka inda za ka zauna. GCB yana da reshe a Bimbilla da Salaga da Yendi da Bawku, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai sarin doya ko albasa. Bankunan karkara, waɗanda aka fara a 1976, sun fi kusa da manomi kuma sun san mutane, sai dai ba sa buɗe asusun dala. A kuma san cewa inshorar ajiya da ta fara aiki a 2019 ta fara ne da biyan sidi 6,250 ga mai ajiya a babban banki idan ya rushe, da 1,250 ga na ƙananan wuraren ajiya. Wannan bai kai kuɗin lodin doya ɗaya ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin ribar da ta ninka ta banki a wata, ka tuna Menzgold a 2018.

A haɗa asusun da lambar wayarka ta Gana don tura kuɗi ta MoMo, tun da an soke harajin tura kuɗi ta waya a Afrilun 2025, kuma manomi a ƙauye ta nan yake karɓa. Layin ma da sunanka za a yi masa rajista. Kada a bar asusu kwance: shekara 2 ba motsi sai a rufe shi a matsayin mai barci, bayan shekara 5 a miƙa kuɗin ga Babban Banki, karɓowa sai da takardu. Mai gudun kuɗin ruwa ya nemi asusun yau da kullum na masu cak, ya tambayi abin da ake yanka duk wata. Mai shigowa da tsabar kuɗi sama da dala 10,000 ya bayyana su a filin jirgi, ya adana takardar.

Ɗalibin namu ya ce zai zo Babbar Sallah na sati uku. Mun ce ya taho da fasfonsa da takardun albashinsa na can, domin banki zai tambayi asalin kuɗin, ya kuma bar asusunsa na Italiya a buɗe har ya yi damina ɗaya a gida.