Kaza Ɗaya, Girki Uku: Daga Kasuwar Bata Zuwa Tukunyar Gida

 Duk wanda ya taɓa bi ta Bata da hantsin ranar Asabar, ya san irin cinkoson da ake yi tsakanin titin Murtala Muhammad da bakin kasuwar Sabon Gari. Ga masu baro suna neman hanya, ga kwandunan kayan miya ana saukewa a 'Yankura, ga uwargida riƙe da kaza ta ƙafa tana lissafin abin da ya saura a jakarta. Wannan wuri ya samo sunansa ne daga shagon kamfanin takalma na Bata, kamfanin da aka kafa a Turai tun 1894. Ita kuwa Sabon Gari, an yanka ta ne wajen 1913 domin baƙin da suka biyo jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Shi ya sa a zagaye ɗaya mutum zai sayi daddawa da kuka, ya sayi agushi da ganyen ugu, ya ƙara da acca daga Filato.

Sai dai a yau kaza ta zama abin marmari a gidaje da yawa. Iyalin da ke da baki takwas ba za su iya yanka biyu ko uku a lokaci guda ba, kuma baƙo ba ya sanarwa kafin ya biyo ku gida ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada. Don haka muka ga ya dace mu duba yadda kaza ɗaya za ta ciyar da gida har sau uku, ba tare da an jefa lafiyar yara cikin haɗari ba.

Zaɓen kaza

Kaji iri uku ne aka fi samu a kasuwa. Akwai kajin gidan gona na nama, waɗanda kan isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Naman su da yawa kuma da taushi, minti 25 zuwa 30 ya ishe su a wuta, amma romonsu ba shi da ƙarfi, sun fi dacewa da suya ko gashi. Akwai kajin Hausa, masu yin watanni kafin su girma. Namansu kaɗan ne kuma da tauri, sai sun sha awa guda ko fiye a kan wuta, amma a wajen romo babu kamarsu. Na uku su ne kajin ƙwai da suka gama aiki, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar. Waɗannan sun fi sauƙin kuɗi, kuma suna jure dahuwar miya ba su ragargaje ba. Don girkin da za mu bayyana a nan, kazar Hausa ko tsohuwar kazar ƙwai ta fi. Zabuwa ma ta yi, sai dai namanta ba shi da kitse, don haka tana son ƙarin mai.

Kafin ki biya, ki ɗaga kazar ki ji nauyinta, ki shafa ƙirjinta. In ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa, ramammiya ce. Ki duba idanunta su kasance garau, tukkunta ja, hanci babu majina, ƙarƙashin wutsiya babu kashi a manne. Kazar da ke gyangyaɗi a cikin keji, ki bar wa mai ita ko da rabin kuɗi ya sallama, domin araha ba ta ado. Ba mu manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba, wadda ta fara bayyana a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna ta kuma shiga gonakin Kano, sannan ta sake dawowa a 2015. Kazar da ta mutu da kanta ba abinci ba ce. Haka kuma daskararrun kajin da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, waɗanda gwamnati ta hana shigo da su tun zamanin mulkin Obasanjo, babu wanda zai iya gaya miki sau nawa suka narke suka sake daskarewa a hanya.

Masu sayen kajin Kirsimeti tun da wuri don gudun tsada, su lura cewa lokacin hunturu ne annobar kaji ta fi yawa. A ware sabuwar kaza daga na gida har mako biyu.

Gyara da rabo

In an fige an babbake, a buɗe cikin a hankali kada matsarmama ta fashe a kan hanta, in ba haka ba ɗaci zai ɓata tukunyar. A tsaga ƙundu a ɓare fatar cikinsa. A wanke naman a cikin roba guda, nesa da kwanuka da kayan ganye, a zubar da ruwan a magudana, sannan a wanke hannu da wuƙa da faranti da sabulu. Ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da zazzaɓi, kuma sau da yawa ba ta naman da ya dahu suke shiga cikin mutum ba, ta wuƙar da aka yanka kaza aka koma aka yanka kabeji ne.

Sai a kasa naman kashi uku. Wuya, fukafukai, ƙafafu, baya da kayan ciki na farfesu ne. Cinyoyi na miya. Tsokar ƙirji ta dambu.

Farfesu

A daka citta, kanumfari uku ko huɗu, masoro, kimba ɗaya da aka cire 'ya'yanta, da tafarnuwa. A jajjaga attarugu biyu da albasa babba. A zuba dukan naman kazar a tukunya tare da kayan nan da gishiri, a rufe a bar shi ya fitar da ruwan jikinsa na minti goma a wuta kaɗan, sannan a tsaida ruwa kamar lita biyu da rabi. In naman ya yi laushi, a tsame cinyoyi da ƙirji, a ɗebi rabin romon a ajiye gefe. Abin da ya rage a tukunya a sa masa daddawa kaɗan da ganyen ɗoɗɗoya, a jefa yankakkiyar doya ko dankalin Turawa su dahu a ciki. Da wannan doyar ce ɗan naman zai ƙosar da gida. Ga mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo, wannan romo ya fi soyayyen nama sauƙin shiga.

Miyar taushe

A dafa kabewa rabi har ta yi lugub, a dama ta. A soya albasa a manja ko man gyaɗa, a zuba markaɗen tumatir da tattasai da attarugu, a bar su su soyu har tsamin ya fita. A juye romon da aka ajiye, a sa kabewar, a dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa kofi ɗaya da ruwa kaɗan a zuba ana juyawa don kada ta kama. A tsinka cinyoyin ƙanana a sa, yadda kowane yaro zai tsinci rabonsa. Alayyahu da 'yar yakuwa su ne na ƙarshe, minti biyar kawai, a sauke tun suna kore. Ana ci da tuwon shinkafa, waina ko tuwon acca. Lokacin damina da tumatir ke tsada, ko shekara irin 2016 da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, busasshen tumatir da aka jiƙa ya wadatar, tun da kabewa ce ke ba miyar kauri.

Dambun kaza

A daka dafaffen ƙirjin a turmi mai tsabta har ya warware zare-zare, a haɗa da garin citta, barkono da gishiri. A soya a mai kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa ba tsayawa har ruwan jikinsa ya ƙone ya yi wasar-wasar. In ya huce sarai a zuba a kwalba busasshiya. Shi ne guzurin ɗan makarantar kwana, kuma cokali biyu a kan shinkafa da wake ya mayar da ita abincin baƙo.

Salak da kwaɗo

Lokacin rani kayan lambu kan cika Bata: tumatir daga Kadawa da Kura, inda ake ban ruwa daga madatsar Tiga, kabeji da karas daga Jos da kewayen Kano. Amma a sani, wani ɓangare na ganyen da ake sayarwa a birni ana noma shi ne a bakin rafin Jakara da makamantansa, da ruwan da ya kwaso ƙazantar gari. Waɗanda suka ga annobar amai da gudawa ta 1996 a Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Don haka a cire ganyen waje na latas da kabeji a zubar. A wanke sauran ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, a jiƙa minti goma a ruwan da aka sa wa ruwan kal, a ɗauraye da ruwan sha, a tsane a kwando. Karas da kokwamba a kankare bayansu. Wannan yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe su duka, saboda haka mai ciki da ƙaramin yaro da tsoho gara a turara musu nasu. Ƙwai ya dahu sosai. Kada a zuba bama ko wani kirim sai an zo ci, kuma abin da ya saura kada ya kwana.

Wadda ba ta da kuɗin bama kada ta damu. Kwaɗonmu na gargajiya bai gaza salak ɗin Turawa da komai ba. Dafaffen zogale ko rama, dakakken ƙuli-ƙuli, tumatir, albasa, ɗan man gyaɗa da gishiri, a yayyafa dambun kaza a kai. Ganyen ya dahu, ga shi kuma da riƙe ciki.

Ajiya

Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, kada a dogara ga firji kaɗai. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin Kano ba. Farfesu a cinye shi ranar da aka yi. Miyar da za ta kwana a tafasa ta sosai da dare, a rufe, kada a sake sa mata cokali, da safe a kuma tafasa ta har ta yi ɓul-ɓul kafin a zuba wa kowa. Naman kaza kuwa bai dahu ba sai an tsaga kusa da ƙashi an ga babu ja ko kaɗan.

Iyaye maza, ku ma akwai naku aikin. Ɗauko kaza daga Bata da wanke turmi ba su rage wa kowa girma ba, kuma yaron da ya ga babansa yana wanke hannu kafin ya taɓa abinci, shi ma zai wanke. Uwargida, a gwada wannan rabo a Asabar mai zuwa, a rubuto mana yadda aka ƙare da yara.