Ƙaura da Yara Ana Tsakiyar Karatu

Da fatan kin sallami yara, kin ɗora sanwa, kin jawo rediyonki kusa.

Maganarmu ta yau wata baiwar Allah ce ta jawo ta. Ta aiko mini da saƙo ta bakin ƙanwarta, ta ce an yi wa maigidanta canjin wurin aiki daga Rano zuwa Kibiya, suka kwashe kaya ana tsakiyar zango na biyu. Yaranta uku, duk 'yan firamare. Aka ce bari a natsa tukuna, a gyara ɗaki, a san maƙwabta. Mako ya zama wata, wata ya zama zango. Da aka tashi kai su makaranta, mazan biyu an karɓe su, amma aka mayar da su baya da aji guda saboda babu takarda. Ita kuwa babbar, 'yar aji biyar, ta riga ta saba da ɗaukar tallar awara, ta ce kunya take ji a haɗa ta da yara. Har yau tana gida. Uwar take tambaya, a ina ta yi kuskure?

To 'yar uwa, ƙaura ba laifi ba ce. Wata canjin aikin miji ne ya tashe ta, wata kuɗin haya, wata rabon gado, wata ruwan Agusta ne ya rushe mata ɗaki, wata kuma aure ne ya ƙare ta koma gidansu da yara. Abin da ya kamata ki sani shi ne, tukunya da tabarma ana ɗaukarsu a ɗora a mota, amma karatun yaro takarda ce ke ɗaukarsa.

Kin ga Rano da Kibiya ba wata tafiya ba ce mai nisa, amma ƙananan hukumomi ne daban-daban. Kowace tana da Sakataren Iliminta, mai kula da makarantun firamare na yankinsa a ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Kano, wadda ake kira SUBEB. Sunan ɗanki yana cikin rajistar makarantarsu ta Rano. Hedimastan Kibiya bai san shi ba, bai san ajinsa ba. Ko da a cikin ƙaramar hukuma ɗaya ne, kamar daga Rurum zuwa cikin garin Rano, ko daga Tarai zuwa Durba, haka abin yake.

Shekarar karatu zango uku ce. Ana farawa wajen watan Satumba, a ƙare wajen Yuli, sai dai hutu yakan ɗan matsa saboda azumi da salla. A kowane zango, ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba. Akwai ƙananan gwaje-gwaje da aikin gida da malami ke tara makinsu, abin da yara ke ce wa si'e. Yaron da aka cire a tsakiyar zango ya bar makinsa a baya, ya kuma tarar da na gaba an riga an yi. Shi ya sa in da hali, ki lallaɓi maigida a jinkirta tashin zuwa lokacin hutu. Dogon hutu ya fi kowanne, don yaro zai shiga sabon aji tare da kowa.

In kuwa tashin ya zama dole, ga abin yi tun kafin a fara ɗaure kaya.

Da farko, a karɓo takardar canjin makaranta daga wajen hedimasta, da sa hannunsa da hatimin makaranta. A haɗa da katin sakamakon zangon da ya wuce, a roƙi malamin aji ya rubuta makin da yaro ya samu zuwa ranar tashi. Na san ke ba fita kike ba. Amma ke ce mai tuni. Ki faɗa wa maigida tun da wuri, a lokacin da hankalinsa yake kwance, ba sa'ad da ya shigo a gajiye ba. In aiki ya riƙe shi, ya wakilta ƙaninsa ko yayanki. Kada a aiki yaron shi kaɗai. Mai zuwa ya tambaya ko akwai buƙatar a biya ta ofishin Sakataren Ilimi, ko ofishin ilimi na shiyya in ɗan sakandare ne.

Na biyu, ki sa a karanta miki sunan da ke jikin takardar. Mu Hausawa muna da alkunya, ana kiran yaro Abba ko Ummi a gida, sunan yanka yana can a rajista. Wani kuma a wata takarda an sa masa sunan uba, a wata sunan kaka, a wata sunan gari. Sunan da ke kan takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, shi za a riƙe a ko'ina. Ƙaramin bambanci yau, shi ne babbar wahala ranar jarrabawar fita.

Na uku, takardun nan da katin rigakafin yara, ki sa su a leda, ki riƙe a jakar hannunki. Kada su shiga cikin buhun kwanuka ko ƙarƙashin katifa a bayan mota.

Akwai azuzuwan da ba a wasa da su: aji shida na firamare, aji uku na ƙaramar sakandare, aji biyu na babbar sakandare da ake rubuta kwalifayin a nan Kano, da ajin ƙarshe na WAEC da NECO. Makarantar da aka yi wa yaro rajistar jarrabawa, a nan zai zauna ya rubuta. In ɗanki yana ɗaya daga cikinsu, ya fi a bar shi wajen kakarsa ko gwaggonsa har ya gama. In mace ce, a zaɓi hannun da kika amince da tarbiyyarsa.

Kada ki manta da Islamiyya da makarantar allo. Ki san surar da yaro yake, da izu nawa ya kawo, da littafin da suke karantawa, don kada sabon malam ya mayar da shi farko ya karaya.

Idan an sauka lafiya, kada mako ya zagayo yara suna gida. Ko ba a ɗinka sabon yunifom ba, a roƙi hedimasta su fara zuwa da tsohon. Matan da suka shigo yi miki barka da zuwa, su ne idonki a unguwa, tunda an ce baƙo ko da ido makaho ne. Ki tambaye su makarantar da 'ya'yansu ke zuwa, da nisanta, da ko akwai titi ko rafi a hanya. Ki haɗa yaranki da nasu su riƙa tafiya tare. A ari littafin wani ɗan ajin, yaro ya kwafi abin da ya wuce shi.

Sannan ki lura da zuciyar yaron. Ya rabu da abokansa da malamin da ya saba da shi. Wani zai yi shiru, wani ya riƙa faɗa, wani ciwon ciki kullum da safe, ƙarami ma har fitsarin kwance ya dawo masa. Ba duka yake buƙata ba, hira yake buƙata. Ko ba ki yi boko ba, ki ce ya buɗe littafi ya nuna miki aikin yau. Jan biron malami ai kina gane shi.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne 'ya mace. Ita ake tsayarwa ta taya shara da jere da raino, daga nan sai farantin talla. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye wajibcin kai kowane yaro makaranta shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta a makarantun gwamnati. Jihar Kano ma ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019. Gurbin 'yarki haƙƙinta ne, ba alfarma ba.

Ke kuma baiwar Allah ta Kibiya, ba ki makara ba. A koma tsohuwar makarantarta a karɓo takardarta, mahaifinta ya kai ta da kansa. Kunyar kwana biyu ce, za ta wuce.

Allah Ya sa mu sauka a gidajen alheri, Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.