Cijewar Nauyi Bayan Tiyatar Zoben Tumbi: Dalilanta da Yadda Ake Fuskantarta

Daga cikin hanyoyin da likitocin fiɗa suka ƙago domin taimakon masu matsananciyar ƙiba akwai ɗaura wa tumbi zobe. Wanda aka yi wa wannan aiki yakan ga nauyinsa yana raguwa har tsawon watanni, sa'an nan wata rana ya hau sikeli ya tarar allura tana nan inda ya bar ta. Mako ya zagayo, wata ya zagayo, ba ta motsa ba. Wannan ita ce cijewar nauyi. Galibin waɗanda abin ya samu sukan zaci aikin ne ya lalace, ko kuwa su ne suka gaza. Daga nan sai wasu su matsa wa likita ya ƙara tsuke zoben, wasu kuma su ɗauke ƙafa daga asibiti saboda kunya, alhali duka biyun suna iya kai mutum ga cuta. Ruwa ba ya tsami banza. Cijewar nauyi tana da dalilai sanannu, kuma wurare uku ake nemansu: a jiki, a zobe, da kuma a kwanon abinci.

Zoben da yadda yake aiki

Zoben nan da silikon ake yin sa, watau wata irin roba mai laushi. Ana ɗaura shi a can saman tumbi, ƙasa kaɗan da inda bututun abinci ya sadu da shi, ta yadda abin da ya rage a sama bai wuce cin cokali ɗaya ko biyu ba. A cikin zoben akwai wata 'yar jaka da ake hurawa da ruwan gishiri. Wani siririn bututu ya taso daga jakar zuwa wani ɗan faifai da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki, wanda shi ne mashigar allura. Ta nan likita yake ƙara ruwa zoben ya tsuke, ko ya zuƙe ruwa zoben ya saki. Irin waɗanda aka fi amfani da su suna cin mililita 10 ko 14.

A tsakiyar shekarun 1980 aka fito da zobe mai tsukewa da saki, ta hannun Lubomyr Kuzmak a Amurka, da kuma Dag Hallberg da Peter Forsell a Suwidin. A 1993 Mitiku Belachew, likita ɗan asalin Habasha, ya ɗaura shi ta 'yan ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki ba, a garin Huy na ƙasar Beljiyam. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001. A 2008 kimanin kashi 42 cikin 100 na dukkan tiyatar ƙiba a duniya ta zobe ce, amma zuwa 2016 ta faɗi zuwa kashi 3 cikin 100, domin wasu irin ayyuka sun maye gurbinta. Duk da haka akwai ɗimbin mutane da suke yawo da zoben a jikinsu, kuma suna bukatar kulawa muddin yana nan.

Da farko an ɗauka zoben toshe hanya yake yi. Daga baya bincike ya nuna cewa idan an daidaita shi yadda ya kamata, loma takan wuce cikin ɗan lokaci kaɗan, amma matsewar da take sha wajen wucewa tana taɓa jijiyoyin da ke jikin tumbi, su kuwa su aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Ashe aikin zobe kashe yunwa ne. Wanda ya fahimci haka ya riga ya fahimci rabin matsalar cijewa.

Abin da ya kamata a sa rai

Raguwar nauyi da zobe a hankali take tafiya, kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako a farkon al'amari, kana ta riƙa lafawa cikin shekara biyu zuwa uku. Paul O'Brien da abokan aikinsa na Jami'ar Monash a Ostareliya sun bi diddigin mutum 3,227 da aka yi wa aikin, suka buga sakamako a 2013. Waɗanda suka kai shekara 15 da zobe sun zubar da kimanin kashi 47 cikin 100 na rarar nauyinsu, watau abin da ya ɗoru a kan nauyin da ya dace da tsawonsu.

Ga misali. Mutum mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 125, iyakar nauyin da ya dace da shi wajen kilo 72 ne, saboda haka rararsa kilo 53 ce. In ya zubar da rabinta zai tsaya a wajen kilo 99. Shi yana iya ganin bai kai ko'ina ba, tun da zuciyarsa tana kan 72, amma a lissafin likita aikin ya yi abin da aka san yana yi. Sau da yawa irin wannan raguwa takan sauƙaƙa ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa da minshari mai ɗauke numfashi. Don haka tambaya ta farko ga mai cijewar nauyi ita ce: a ina ya cije, kuma bayan wane lokaci?

Har ila yau ba kowace tsayawar allura ce cijewa ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jiki yakan riƙe ruwa bayan cin gishiri da yawa, ko gab da jinin al'ada, ko sa'ad da bayan gida ya yi tauri. Abin da ya fi dacewa shi ne a hau sikeli ɗaya, sau ɗaya a mako, da safe, a kuma auna kewayen ciki da tef ɗin tela. Sai an yi mako huɗu zuwa shida babu canji a duka biyun kafin a ce nauyi ya cije.

Dalili na farko: jiki

Jiki yana ƙona abinci domin ya sami ƙarfin numfashi da bugun zuciya da motsi, kuma da kalori ake auna wannan ƙarfi. Babban jiki ya fi ƙarami ci, kamar yadda babbar mota ta fi ƙarama shan mai. Saboda haka abincin da ya gaza isar mai kilo 125, har ya sa shi ramewa, yana iya zama daidai da bukatar mai kilo 100. Ran da abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ake ƙonawa, ran nan allura take tsayawa.

Bayan wannan kuma jiki yana da tsimi irin nasa. A 1995 Rudolph Leibel da Michael Rosenbaum da Jules Hirsch na Jami'ar Rockefeller ta Amurka sun nuna cewa wanda ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa yana ƙona ƙasa da abin da girmansa na yanzu ya kamata ya ƙona. Yunwa ma tana tashi. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda aka gano a 1994, mai shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. In kitse ya ragu sai leptin ya ragu. Tumbi kuma yana fitar da girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, mai ta da yunwa, shi kuwa ƙaruwa yake yi in an rame. Wani bincike da aka yi a Melbon aka buga a 2011 ya tarar da waɗannan canje-canje suna nan har bayan shekara guda da ramewa. A 2016 kuma Kevin Hall da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kowane kilo da aka zubar yana ƙara sha'awar ci da kimanin kalori 100 a rana, yayin da yake rage ƙonawa da kalori 20 zuwa 30. Wannan halitta ce da ke kare ɗan Adam a lokacin fari da yunwa, babu ruwanta da raggwanci ko kwaɗayi.

Dalili na biyu: zobe

Likitocin Melbon sun kasa halin zobe kashi uku, suka ba kowane launi. Rawaya shi ne zoben da ya saki: mutum yana cin abinci da yawa, yunwa tana dawo masa da wuri. Kore shi ne daidai: ɗan abinci kaɗan ya ƙosar da shi na sa'o'i, ba amai, ba wahalar haɗiya. Ja shi ne zoben da ya tsuke fiye da kima: abinci yana maƙalewa, yana dawowa, ga ƙwannafi, ga tari cikin dare.

Mai rawaya ƙarin ruwa kaɗan yakan isar masa. Abin mamaki yana wajen mai ja, domin shi ma nauyinsa cijewa yake yi, har ma ya ƙaru. Dalili kuwa shi ne nama da kifi da ganye ba sa wucewa, sai ya koma ga abin da ke zurarewa ba wahala, irin su kunu da shayi mai madara da lemo, waɗanda suke cike da sukari kuma ba sa kashe yunwa. Ganin nauyi bai motsa ba sai ya roƙi a ƙara tsukewa, matsala ta ƙara tsananta. Maganinsa a rage ruwan, ko da yake zuciyarsa ba za ta so haka ba. Zoben da aka bari a tsuke na dogon lokaci yana iya buɗa bututun abinci ko ɓangaren tumbin da ke sama, ko ya sa tumbi ya zame ya shige cikin zoben.

Akwai kuma lalacewar kayan aikin kansu. Bututu ko mashigar allura na iya yoyo, ruwa ya tsiyaye. Zobe na iya cin bangon tumbi a hankali har ya faɗa ciki, alamarsa kuwa ita ce ɓacewar ƙoshi, wani lokaci da kumburi ko ruwa a wajen mashigar allura. Ana gane waɗannan ta auna ruwan da ke cikin zoben, da ɗaukar hoton ciki bayan an sha wani farin ruwa, da kuma zura bututu mai kyamara ta baki. Wanda ya kasa haɗiye ko da ruwa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, lalle ne ya tafi asibiti nan take, domin zamewar tumbi tana iya tsinke masa jini.

Dalili na uku: kwano

Ido ba mudu ba ne, kuma wajen abinci ƙasa yake faɗi. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1992, an auna mutanen da suka ce suna cin kaɗan amma ba sa ramewa, aka tarar abin da suke faɗi ya gaza abin da suke ci da kusan rabi. Mantuwa ce da rashin awo. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sukari ko tsaba kuwa 4. Babban cokali ɗaya na man gyada ko manja ya kai kalori 120, ƙaramar kwalbar lemo kuma tana ɗauke da sukari wajen giram 35. Zobe ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haka fura da nono mai sukari, da zoɓo, da ɗan cincin ko gyada da ake tsintar su a ofis tun safe har la'asar.

Gyaran yana farawa da rubuta duk abin da ya shiga baki har mako guda, a kai wa masanin abinci. Sa'an nan a koma ga ƙa'idar farko: abinci mai tauri sau uku a rana ko ƙasa da haka, a ƙaramin faranti, a fara da mai gina jiki kamar kifi, ƙwai, kaza ko wake, a nemi aƙalla giram 60 na furotin a rana. A yi ƙaramar loma, a tauna sosai, a dakata kamar minti ɗaya kafin ta gaba, a tashi bayan minti 20 ko da saura. Abin sha ya zama ruwa. Mai azumi ya yi shawara da likitansa tun kafin watan ya kama, ya kuma guji afka wa abinci da gaggawa a lokacin buɗa baki.

Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da kilo da yawa, amma yana kare tsoka, yana kuma taimakawa wajen hana nauyi dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Ya kamata kuma a duba barci, da damuwar zuciya, da wasu magunguna masu sa ƙiba, kamar insulin da wasu na taɓin hankali, amma kada a daina shan ko ɗaya sai da izinin likita.

In duk an yi, bai motsa ba

Wani lokaci zobe yana kore, kwano yana daidai, nauyi kuma ya zauna a inda lafiya ta inganta. To, wannan masauki ne, aikin da ya rage shi ne riƙe shi. In kuwa ya zauna a inda ciwon sukari ko hawan jini suke ci gaba da ɓarna, akwai sauran hanyoyi. A 2021 Amurka ta amince da allurar semagulutayid domin maganin ƙiba, wadda a gwaji ta rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi, sai dai tana da tsada, kuma nauyi yakan dawo in an daina. Ana kuma iya cire zoben a yi wani aikin, ko dai a yanke mafi yawan tumbi a bar shi siriri, ko a karkatar da hanyar abinci zuwa hanji. Kowanne yana da nasa hatsari.

Abin da binciken shekaru ya nuna shi ne, nasarar zobe tana rataye da yawan komawa wajen likita. Wannan gargaɗi ne musamman ga waɗanda suka je Indiya ko Masar ko Turai aka yi musu aiki suka dawo gida. Ya wajaba su riƙe takardar da ta nuna irin zoben da yawan ruwan da ke cikinsa, su kuma nemi likitan da ya san aikin tun kafin matsala ta taso, domin mashigar nan allura ta musamman take bukata, ta yau da kullum tana iya ɓata ta. Ranar da allurar sikeli ta tsaya, ranar ce ta ɗaukar wannan takarda da littafin abinci a nufi asibiti.