Kumburin hanji mai daɗewa: abin da ake faɗi a Makka da abin da ya tabbata

Kumburin hanji mai daɗewa suna ne da ya haɗa cututtuka biyu. Ta farko ita ce cutar Crohn, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a Amurka a 1932. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, kuma tana ratsa kaurin bangon hanji. Ta biyu, wadda likitoci ke kira ulsaratif kolaitis, a babban hanji kaɗai take tsayawa, tana cin fatar cikinsa ta bar gyambo. A duka biyun, garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa hanjin mai ita. Galibi ciwon yana farawa tsakanin shekara 15 zuwa 35, da gudawa mai jini ko majina, murɗawar ciki, rama da kasala. Yakan lafa na watanni, sannan ya sake tashi.

A tsakanin Hausawa mazauna Makka, irin na Shara Mansur da Hindawiyya, da alhazan da ke sauka a Misfala, zancen da ya fi yawo shi ne duk jinin da ya biyo bayan gida basir ne. Basir yana zubar da jini, wannan gaskiya ne, amma ba ya ramar da mutum, ba ya kawo zazzaɓi, ba ya tashin mai shi da tsakar dare don gudawa. Wanda ya haɗa waɗannan alamomi ya koma shan jiƙon basir mai wanke ciki, rauni yake ƙara wa hanjin da ya riga ya yi gyambo, kuma yana ɓata watannin da ya kamata a ce an gano ciwon.

Masu cewa atuni ne sun fi kusa da gaskiya. Atunin da ƙwayar amiba ke haddasawa yana kama da kolaitis ƙwarai, haka tarin fuka idan ya kama hanji yana rikitar da ƙwararru su zaci Crohn ce. Ga mutumin da ya taso a Kano ko Maraɗi wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki suna iya sa amiba ko tarin fuka su yi muni. Shi ya sa likita ke fara gwajin bayan gida da na jini da hoton ƙirji, kafin a zura na'urar leƙa hanji ta dubura a gutsuro tsoka don bincike. Manyan asibitocin Makka, kamar Asibitin Ƙwararru na Al-Noor da Birnin Lafiya na Sarki Abdullah, suna da sashen cututtukan ciki da ke yin wannan aiki.

Ciwon ba ya yaɗuwa ta cin abinci a faranti ɗaya ko amfani da bandaki ɗaya. Yaji da maiƙo ba su ne tushensa ba, ko da yake suna iya tsananta wa mara lafiya a lokacin da ciwon ya tashi. Gado yana da hannu: ɗan'uwan mai cutar ya fi bare haɗarin kamuwa, amma yawancin masu ita ba su da wani mai irinta a danginsu. Batun cewa cutar Turawa ce ya tsufa, domin likitocin Saudiyya suna ganin ƙaruwarta a 'yan shekarun nan. Abu biyu da ba a cika ambata ba kuwa tabbatattu ne: sigari yana tsananta cutar Crohn, kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda alhazai ke sha bayan ɗawafi da sa'ayi, suna iya tayar da ciwon.

Ana cewa cutar ba ta da magani. Ba a warkewa kwata-kwata da ƙwaya, amma ana danne ta shekaru da mesalazine, azathioprine, ko allurai irin su infliximab da adalimumab. Prednisolone na kashe wutar tashin ciwo ne na ɗan lokaci; wanda ya mayar da shi abin sha na kullum yana iya gamuwa da ciwon sukari da raunin ƙashi. Zamzam da zuma da habbatus sauda suna da matsayinsu a wurin Musulmi, kuma ba wanda ya hana su, amma babban dalilin dawowar ciwo shi ne ajiye maganin likita da zarar an ji sauƙi. Tiyatar cire babban hanji tana kawo ƙarshen kolaitis, ita kuwa Crohn takan dawo a wani wurin.

Mai wannan cuta yana iya aikin Hajji idan ciwon ya lafa, da shiri. Rigakafin sanƙarau da Saudiyya ta wajabta ba shi da matsala a gare shi. Na zazzaɓin shawara, wanda ake nema daga maniyyatan Nijeriya da Nijar, yana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, don haka mai shan maganin kwantar da garkuwa sai ya tuntuɓi likitansa kafin a yi masa. Adalimumab tana buƙatar firij, gudawa kuma tana saurin ƙarar da ruwan jiki a garin da zafinsa ya wuce digiri 50 a Hajjin 2024. Azumi yakan yiwu a lokacin lafawa. A lokacin tashin ciwo kuwa sassaucin da shari'a ta yi wa mara lafiya ya hau kansa.

Mace mai cutar tana aure tana haihuwa, kuma cikin da aka ɗauka a lokacin lafawa ya fi lafiya, sai dai an hana mai ciki da mai neman ciki amfani da maganin methotrexate. Tsoron sankara yana da tushe, amma ana zuzuta shi: haɗarin yana ƙaruwa ne ga wanda kumburin ya mamaye babban hanjinsa shekaru da yawa, shi ya sa ake fara leƙa hanjin lokaci zuwa lokaci bayan kimanin shekara 8 da fara ciwon.